Jawabin Uwar Taro a Bikin Yaye Ɗaliban Ajin Ɗinki na Zumuntar Mata

 

An ce in yi magana a kan sana'a, amma wadda ta shekara tana taka keke ba ta buƙatar tsohuwa irina ta koya mata zura zare a allura. Wata magana ce daban ta kawo ni.

Kun tuna farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Da idona na ga wata mata a kasuwa ta kwance bakin zaninta, ta fito da tsofaffin dubu-dubu, kuɗin adashinta ke nan, mai hatsi ya girgiza kai ya ce ba ya karɓa. Takardun ba su yage ba, lambobin kansu ba su goge ba. Magana kawai aka yi a Abuja, kuɗi ya koma ganye, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris kafin ya farfaɗo. Matar nan ta daɗe a tsaye tana jujjuya su a hannu, kamar ita ce ta yi laifi.

Da yawa cikinku kun ɗanɗani irin wannan tsayuwa. Wata, ranar da aka binne maigidanta, dangi suka fara kallonta kamar kayan aro. Wata kuɗin makaranta ne ya yanke, ƙawayenta suka wuce suka bar ta. Na sha jin ku kuna cewa, "Mama, ai ni ba kowa ba ce." Wa ya gaya miki?

A Matiyu sura 22, da aka zo gwada Yesu a kan haraji, dinari ya sa aka kawo, ya tambayi hoton wa ke kai. Na Kaisar ne, don haka a mayar wa Kaisar abinsa. Tatuliyan, malamin ikilisiya da ya rayu a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200, ya lura da sauran rabin maganar: in kuɗi na mai hoton ne, to mutum fa? Farawa sura ta ɗaya ta riga ta amsa, cikin kamannin Allah aka yi mutum, namiji da mace. An yi haka tun babu satifiket, babu sadaki, babu wanda ya haifi ɗa namiji. Wannan hatimin ba daga ofishin kowa ya fito ba, shi ya sa babu surukar da za ta soke shi, babu kuma wa'adin daina karɓarsa.

Iyayenmu a bangaskiya sun gwada wannan a aikace. A 1929 aka buɗe mazaunin kutare a Garkida, a zamanin da ake ajiye wa kuturu abinci daga nesa. Masu bishara na lokacin suna da nasu kurakuran, ba na wanke su tas, amma hannun da ya wanke gyambon kuturu ya san kamannin wa yake taɓawa.

Sai dai ku ji ni da kyau, 'ya'yana, ba girman kai nake sayar muku ba. Yarinyar da za ta zo koyon aiki a shagonki, hatimi ɗaya gare ku, kada ki mayar da ita baiwa. Mai kawo ɗinki ma haka: kada ki rage masa yadi, kada ki karɓi kayan Kirsimeti ko na Sallah kin san ba za ki gama ba. In kuma an zo ciniki, ki faɗi kuɗin aikinki ba tare da sunkuyar da kai ba.

 Mazajen da suka yi renon yara ana aji, mun gan ku.

Sakatariya, bismillah, a fara kiran sunaye. Ki kira kowanne a hankali, yadda na bayan ɗaki ma zai ji.