Bayan An Yanke Tumbi: Magana Da Masu Jinya

Masu unguwa, malamanmu, iyayenmu mata da ke can baya, jama'ar Mandawari baki ɗaya, na gode da kuka fito. Da masu jinya zan yi magana yau, domin a ciwon dajin tumbi likita 'yan mintoci yake yi da mara lafiya, ku kuke kwana ku tashi da shi.

Idan an yanke wani ɓangare na tumbi ko an cire shi ɗungurungum, a Asibitin Malam Aminu Kano ne ko a wani wurin, da sauran aiki. Akan biyo da maganin kemo don ya kashe ragowar cutar da ido bai gani ba. Ɗaya daga haɗin da aka fi bayarwa shi ne ruwan oxaliplatin da ake sawa ta jijiya duk mako 3, da ƙwayar capecitabine safe da yamma bayan an ci abinci, kwana 14 ana sha, a huta kwana 7. Zagaye 8 ake yi, wajen wata 6. Binciken da aka yi a Koriya ta Kudu da Sin da Taiwan, aka wallafa a 2012, ya nuna hakan na rage dawowar cutar. Shi ya sa raina ke ɓaci idan dangi suka ga Baba ya rame, suka ce maganin ne ke cinye shi, suka dakatar ba tare da likita ya sani ba.

Tashin zuciya, amai, kasala da ɗacin baki, waɗannan kowa ya san su, akwai kuma maganinsu idan an faɗa. Wanda ke ruɗa gida shi ne sanyi. 'Yan kwanaki bayan ƙarin ruwan, Hajiya za ta tsoma hannu a randa ta ji kamar lantarki ya fisge ta, ko ta kurɓi ruwan firij ta ji maƙogwaro ya shaƙe. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, maganin ne ya taɓa jijiyoyi. A ɗumama mata ruwan alwala da na sha, da hunturu kuma a sa mata safar hannu da ta ƙafa. Idan yatsu suka mutu har ta kasa ɓalle maɓalli ko jan carbi, a gaya wa likita kafin zagaye na gaba, ana iya rage maganin. Ƙwayar ita ma tana taɓa tafin hannu da na ƙafa. A fatarmu sau da yawa baƙi suke yi, su bushe, su tsage. A riƙa shafa mai, a rage wanki da yawan tafiya.

Sai abinci, inda ƙauna ke jawo wahala. Tumbin da ya ragu ba ya riƙe abinci, zarcewa yake yi hanji. An dama kunu an zuba sukari, an ce sai mara lafiya ya shanye kwano. Ba a jima ba sai gumi, jiri, faɗuwar gaba, ciki na murɗa, gudawa. Ku daina ɗura masa. Kaɗan-kaɗan, sau 6 ko fiye a yini: ƙwai, kifi, alala, tuwo mai laushi. A rage zaƙi, ruwa kuma a sha shi tsakanin cin abinci. Wanda aka cire wa tumbi duka yana buƙatar allurar bitamin B12 iya rayuwarsa. Malamai, ina roƙonku, idan azumi ya zo ku taya mu bayani, don daga bakinku za a fi jin cewa an yi wa mara lafiya rangwame.

Akwai abin da ba a jira wa gari ya waye. Kemo na rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa. A lokacin zazzaɓi na iya kisa cikin sa'o'i. Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye a ɗaki. Idan ya kai 38, kada a ce maleriya ce a aika yaro kemis. Haka idan gudawa ta ƙi tsayawa, ko baki ya yi gyambon da ya hana haɗiyar ruwa, ko aka ga jini a amai, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin. A dakatar da ƙwayar, a nufi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, Asibitin Murtala ba nisa daga nan. Ku riƙe katinsa da kwalin maganin, kuna shiga ku faɗi ranar da aka yi masa kemo na ƙarshe.