Tumatirin Lambun Gida: Me Ya Sa Ɗa Bai Gaji Ubansa Ba?

'Yan uwa 'yan asalin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar mazauna birane,

Da yawa daga cikinku kukan aiko wa iyayenmu mata irin tumatir na fakiti domin lambun gida. Shekarar farko ya yi ja, ya yi sumul. Sai a shanya 'ya'yansa a sake shukawa, sai ga wani dogo, wani kewayayye, wani mai tsaga-tsaga, wani ruwan lemo. Daga nan zance ya tashi: wasu su ce sammu ne, wasu su ce guba aka sa, har a tuge shukar da aka sha wahalar ɗebo mata ruwa. Mu da muka daɗe muna koyar da noma a firamare, mun ga ya wajaba mu yi bayani.

Dalili na farko shi ne iri. Fakitin da aka rubuta wa F1 iri ne mai aure, wato an haɗa iyaye biyu mabambanta. 'Ya'yan farko sukan fito bai ɗaya, amma jikoki sai su rarrabu, kowa ya ɗauko kamannin wani kaka. Wannan ƙa'idar gado Gregor Mendel ya bayyana ta tun 1865. Iri marar aure kuwa, kamar Roma ko wanda ake kira UTC a kasuwa, yakan gaji ubansa.

Na biyu shi ne zafi. Jan tumatir daga wani sinadari yake mai suna laikofin, wanda ba ya samuwa sosai idan zafi ya haura digiri 30. Shi ya sa tumatirin da ya nuna a watan Afrilu a ƙasarmu yakan tsaya ruwan lemo. Hasali ma, rawaya ba baƙon launi ba ne ga tumatir: daga Kudancin Amurka ya samo asali, kuma da ya isa Italiya a ƙarni na 16, sunan da suka raɗa masa na nufin tufar zinariya.

Na uku shi ne sanyi da ban-ruwa. Furen da sanyin hunturu ya buga da dare yakan haifi ɗa mai ƙusumbi. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe danshi. Idan aka bar shuka ta bushe sannan aka kwarara mata ruwa, sai fatar ɗan ta tsage, ko gindinsa ya yi baƙi. Duk waɗannan, in ban da wanda ya ruɓe, lafiya lau suke a miya.

Saboda haka roƙonmu uku ne. In za ku aiko da iri, ku duba fakitin, ku faɗa wa na gida ko ana iya ajiye 'ya'yansa. In kun shiga kasuwa, kada ku karya farashin manomi don kayansa ba su yi kan ɗaya ba. Sannan ƙungiya ta taimaka a farfaɗo da lambunan makarantu, inda yara za su adana tsohon irinmu mai tsaga-tsaga kafin ya ɓace.

Allah Ya albarkaci nomanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.