Hangen Duwatsun Mandara

Yau maganarmu a kan duwatsun Mandara ta ke, da abin da mutum ya kan gani ran da ya fara ɗora ido a kansu.

Duwatsun nan suna kan iyakar Kamaru da Nijeriya. Sun taso daga wajen kogin Binuwai, sun miƙe arewa har Mora, tsawonsu kamar kilomita 200. Wanda ya fi tsayi a cikinsu, watau Upay, ya kusa mita 1,500.

Ga mutum ya girma a fili, inda ba abin da ke tare ido sai kuka da tsamiya. Ya biyo hanyar Barno da kayansa, ya nufi Mora. Can sai ya hangi wani abu baƙi a gindin sama. Ya ce hadari ne, ya fara tunanin rufe kaya. Amma hadarin nan ba ya motsi, ba iska, ba walƙiya. Ana tafiya yana ƙara tashi, har ya gane dutse ne bayan dutse, iyakar ganinsa. In lokacin hunturu ne kuwa, hazo ya kan ɓoye su sarai, sai ya ɗaga kai kawai ya gan su bisansa. A nan mai surutu ya kan yi shiru.

In ya ci gaba kudu, ya wuce Mokolo ya kai Rumsiki, sai ya tarar da waɗansu duwatsu tsaye ɗaya ɗaya kamar taɓare a turmi. Masana sun ce maƙogwaron duwatsu masu aman wuta ne na zamanin da. Narkakken dutse ya daskare a ciki, ruwa da iska suka cinye na gefe, zuciyar ta saura a tsaye.

To, amma Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Daga nesa baƙo ya kan ce, wannan ƙasa ko akuya ba ta ƙoshi. Ya matso kusa tukuna. Sa'an nan zai ga jikin dutsen duka gona ne, daga gindi har ƙoli. Mafa da maƙwabtansu sun jera duwatsu da hannu, katanga bisa katanga kamar matakala, domin kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Wata gonar faɗinta bai fi tabarma ba. Ko wace shekara, kafin damina, sai an gyara inda ya rushe. Su kan shuka dawa bana, baɗi gero, da wake a tsakani. Su kan kulle sa a ɗaki su yi ta kiwonsa, takinsa kuwa a ɗauka a ka a kai gona. Mutanen Sukur, a gefen Nijeriya, da su kan tara baƙin yashi a ƙorama su narke shi ya zama ƙarfe, mutanen fili su saya su ƙera fartanya. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na fari a Nijeriya.

Me ya sa mutane suka riƙe wuri mai wuya haka, ga fili a ƙasa? Dalili ɗaya babba shi ne doki ba ya hawan dutse. Zamanin kamun bayi, dutse ne garunsu. Akwai littafin da Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya sa aka rubuta masa daga 1912 zuwa 1927, a ciki an lissafta hare-haren da aka kai musu, da yawan mutanen da aka kamo. Ashe abin bai daɗe ba ƙwarai.

Yanzu fa, 'yan'uwa, ga inda magana ta shafe mu. Ran kasuwa mace ta kan sauko daga dutse tun da asuba, da ƙwaryar wake a ka. Ba ta jin Hausa sosai, ba ta iya lissafi da harshenmu ba. Wani sai ya ce baƙauya ce, ya auna da babban mudu ya biya kuɗin ƙarami, 'yan rumfa suna dariya. Wanda ya taɓa ganin gonar da waken nan ya fito, hannunsa ba zai yarda ya yi haka ba. Ko wace ƙwaya da gumi aka fisshe ta daga tsakanin duwatsu.

Allah wanda ya shimfiɗa fili shi ne ya kafa dutse, mutumin fili da mutumin dutse kuwa duk aikin hannunsa ne. Yana ganin mudu, yana ganin mai awo. Sabo da haka gobe in ta tsaya a gabanka, ka gaishe ta kamar yadda ka ke gaida mai babbar riga, ka auna mata da mudun da za ka so a auna wa uwarka, ka ƙirga kuɗin a hankali a gabanta har ta gamsu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa, ya kai matafiya gida lafiya. Amin.