Littafin Matsaloli: Jawabin Shugaban Kwamitin Ayyuka a Babban Taron Shekara

 

An umurce ni da in yi tsokaci a kan abin da ke sa ayyukan taimakon kai da kai su tsaya a rabi. Da yawa daga ajujuwa da ɗakunan shan magani da muke gani sun tsaya a linta, ƙaramar matsala ce ta fara cin su, wadda kowa ya gani, amma ba wanda ya rubuta, ba kuma wanda aka ɗora wa gyaranta. Mu da ke birni muna aiko da kuɗi, labari ba ya iso mu sai bayan ɓarna ta auku.

Saboda haka kwamitinmu yana ba da shawarar a ajiye littafi guda a wurin kowane aiki. Duk matsalar da ta taso a rubuta abu biyar: ranar da aka gano ta, bayaninta, wanda ya gano ta, sunan mutum ɗaya da aka ɗora wa, da wa'adin gyara. A lura, sunan mutum ɗaya, domin aikin da aka ce na kowa ne ba ya da mai shi. Kada a soke matsala daga littafin sai mutum biyu sun je sun gani da idonsu.

Matsalolin kuma hawa uku ne. Na farko wanda magini zai warware nan take, kamar bulon da ke marmashewa a hannu, ko kankaren da ba a ba shi ruwa ba, alhali yana bukatar ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Na biyu na kwamiti ne, kamar jinkirin ɗan kwangila, ko rufin da damina za ta riska ba a ɗora ba. Na uku shi ne duk abin da ya shafi fili ko ƙarin kuɗi. Rikicin iyaka a kai shi gaban dagaci a rubuta yarjejeniya. Ƙarin kuɗi kuwa sai da amincewar shugabannin ƙungiya. Ba mu manta da yadda cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya rushe ƙiyasin ayyuka da dama ba, don haka kowane kasafi ya zo da kason ko-ta-kwana.

Haka nan, kada a biya ɗan kwangila duka haƙƙinsa ranar miƙa makulli. A riƙe kashi 5 cikin 100 na wata 6, har a ga ko bango zai tsage ko kwano zai yi yoyo. Sannan a ƙarshen kowane wata sakatare ya ɗauki hoton shafukan littafin ya tura wa rassa ta WhatsApp.

'Yan'uwa, kuɗin nan amana ce. A ciki akwai gumin ɗan dako da na malamin makaranta. Ranar da suka daina yarda da mu, ranar gudummawa za ta yanke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya albarkaci garinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.