Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Direbobin Da Suka Koyi Tuƙi

Wasiƙarmu ta yau daga wani ɗan kasuwar hatsi take, a Dawanau. Ya ce ya sayi a-kori-kura, ɗansa kuwa ya matsa sai an ba shi makulli, wai ai direbobin da ma ba su je makarantar tuƙi ba.

To Alhaji, gaskiya ne ba su zauna a aji ba, amma fa sun yi karen mota. Yaro yakan yi shekaru bai taɓa sitiyari ba. Aikinsa wanke mota, duba ruwa da baƙin mai, ɗaure kaya, in an tsaya a hawa ya diro ya tokare taya da katako. Yana gefen maigida, kunnensa na koyon kukan inji, idonsa na ganin inda ake rage giya kafin gangara, don kada birki ya yi zafi ya ƙi ci. Sai an yarda da hankalinsa ake barinsa ya juya mota cikin tasha. Wannan horon ne ya taimake su a 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama.

Saboda haka Alhaji, riƙe makullinka tukuna. Haɗa yaron da tsohon direba, ya bi shi kasuwannin ƙauye rani da damina, sannan ya yi gwaji ya karɓi lasisi. Mota tana da gyara, rai ba shi da shi.

Allah ya kiyaye hanya, amin.