RANAR DA BAƘI SUKA AJIYE AIKI

  

Yau ina so in ba ku labarin abin da ya faru a ƙasar Amurka ran Litinin, 1 ga watan Mayu 2006. A watan Disamba 2005 majalisar wakilai ta ƙasar ta yarda da wata doka mai tsanani. Bisa ga dokar nan, baƙon da ya ke zaune ba takarda za a lissafta shi mai babban laifi, wanda kuma ya taimake shi, shi ma ana iya kama shi. Baƙi marasa takarda a lokacin nan sun kai wajen miliyan 11, yawancinsu daga Meksiko da ƙasashen da ke kudu da ita. Su ne masu tsinkar 'ya'yan itatuwa a gonaki, da masu fiɗa a mahauta, da masu kwaɓa siminti, da masu renon 'ya'yan mutane. Da suka ji ana ce da su kaya a wuyan ƙasa, sai suka shirya su ajiye aiki yini guda, ba saye, ba sayarwa, domin a ga abin da hannunsu ke yi.

A ranar fiye da mutum miliyan ɗaya suka fito tituna, a Los Angeles da Shikago da birane da yawa, sanye da fararen riguna, da yawa suna riƙe da tutar Amurka. Manyan kamfanonin nama suka rufe waɗansu mahautansu, gama babu ma'aikata. Babban malamin ikilisiyar Katolika na Los Angeles, Kadinal Roger Mahony, ya riga ya faɗa a fili, idan dokar ta tabbata zai ce wa firistocinsa su ci gaba da taimakon baƙi. Amma shi kansa ya shawarci mutane su je aiki, yara su je makaranta, da yamma a fito jerin gwano. A ganina shawara ce ta mai sanin talaka, domin wanda ya ke cin abincin yini daga aikin yini, idan aka sallame shi, tuta ba za ta ciyad da 'ya'yansa ba. Dokar dai ba ta tabbata ba, majalisar dattawa ba ta karɓe ta ba.

Watakila za ka ce, ina ruwana da Amurka? Kai da ka ke zaune a zangon Kumasi, ko Nima ta Akara, ko Briketeri ta Yawunde, ka tambayi tsofaffi. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja da jakuna, suka kai kanwa da fatu, suka komo da goro daga Salaga, waɗansu kuwa ba su komo ba, suka kafa zango. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Mutane suka sayad da rumfunansu da araha, suka hau manyan motoci. A 1983 kuma Nijeriya ta yi irin wannan, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka kama hanyar gida. Har yau jakar nan mai zane-zane da ku ke sayarwa tana ɗauke da sunan korar nan. Wanda ya yi kuka jiya, ƙasarsa ce ta sa wani kuka daga baya.

To, me Allah ya ke gani sa'anda ya dubi baƙo? Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wata mace, sunanta Rut, mutuniyar Mowab. Mijinta ya mutu, ta biyo surukarta Na'omi zuwa Baitalami, ba gona, ba dangi. Suka iso a farkon girbin sha'ir. Tun dā Allah ya umarci jama'arsa ta bakin Musa kada su girbe gona ƙaƙaf, su bar kala domin matalauci da baƙo, ya kuma tuna masu su ma baƙi ne dā a Masar. Rut ta shiga gonar Bo'aza tana kala tun da safe har yamma. Bo'aza ya hana samarinsa su dame ta, ya ce ta sha daga tulunansu, ya kira ta cin abinci tare da masu girbi, har ya sa a riƙa zare mata zangarnu daga dami. Ku lura, bai ba ta sadaka ya sallame ta ba. Ya bar ta ta yi aiki da mutuncinta. Baƙuwar nan ita ce ta haifi Obida, kakan sarki Dawuda, daga zuriyar nan kuma aka haifi Yesu. Yesu kansa, yana jariri, aka gudu da shi Masar da dare saboda takobin Hirudus.

Amma kada baƙo ya ce maganar duka a kan mai gari ta ke. Sa'anda aka kwashe Yahudawa zuwa Babila, annabi Irmiya ya rubuta masu wasiƙa, ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar birnin, su yi addu'a dominsa. Hukuma tana da ikon tsare iyakarta, mu kuwa mu nemi takardunmu, mu biya haraji. Mudun da aka bubbuge gindinsa yana ɓata sunan zango duka.

Akwai kuma baƙunci wanda ya fi wannan. Zunubi ya maishe mu bare ga Allah, ni da kai, ɗan gari da ɗan zango. Babu ofishin da ke ba da takardar shiga gidansa, ba a kuma sayenta. Yesu Almasihu ya mutu a bisa gicciye a bayan gari, ya tashi a rana ta uku, domin wanda ya ba da gaskiya gare shi ya zama ɗan gida. Shi ne kuma ya koya wa almajiransa cewa a ranar shari'a, karɓar da aka yi wa baƙo zai lissafta ta kamar shi aka yi wa.

Gobe da safe, ɗan'uwana, yarinyar nan kayayo da ta zo daga arewa za ta tsaya bakin rumfarka da tasa a kai. Shekara nawa tana ɗaukar maka kaya? Ka san sunanta? Ka san inda ta ke kwana sa'anda ruwa ya sauko? Ka tambaye ta, ka biya ta ladanta cikakke kafin rana ta faɗi.

Sai mun sāke saduwa mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.