Na'urar Gano Buɗewar Ƙofa a Gwajin Motoci

Na'urar gano buɗewar ƙofa ita ce ke shaida wa ƙwaƙwalwar mota ko ƙofa a rufe take ko a buɗe. Mafi tsufa a cikin irinta wani ɗan makunni ne da ke jikin ginshiƙin ƙofa: idan an rufe sai ƙofar ta danne shi, idan an buɗe sai ya ɗago, fitilar cikin mota ta kama. A motocin zamani an mayar da makunnin cikin sakatar ƙofar. Wasu kuma ba sa taɓa komai, maganaɗisu suke ji, bisa abin da Edwin Hall ya gano a Amurka a 1879, wato maganaɗisu yana karkata wutar da ke ratsa ƙarfe.

Inda aikin yake da wuya shi ne, sakatar mota mataki biyu gare ta. Akwai cikakken kamu, akwai rabin kamu, wanda ƙofa ke maƙale amma ba ta zauna daram ba. Ido yakan ɗauka a rufe take. Makunnin jikin ginshiƙi ma yakan ruɗu, domin ƙofar ta ɗan danne shi. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 11 kan sakatu da hinjin ƙofa, da takwararta ta Amurka mai lamba 206, duk sun buƙaci matakan nan biyu, kuma sun sharɗanta kada sakata ta saki idan aka fizge ta da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 30. Na'urar da ba ta bambance rabin kamu da cikakke ba, shaidarta ba abar dogaro ba ce.

Wannan ne ya sa masu gwaji ba sa tsayawa ga na'urar da mota ta zo da ita, tunda ita ma gwada ta ake yi. Suna maƙala tasu daban: maganaɗisu a leɓen ƙofa, ko zaren ƙarfe mai auna tazara, ko hasken leza. A gwajin karo na gaba a ƙarƙashin dokar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 94, ana buga motar da shinge a gudun kilomita 56 a awa, kuma ba a yarda ko ƙofa ɗaya ta buɗe a lokacin karon ba. Bayan karon kuwa dole a iya buɗe ƙofa ba tare da kayan aiki ba, don a fitar da mutane. Duk abin yana faruwa cikin ƙiftawar ido, saboda haka ana ɗaukar bayanai sau dubbai a daƙiƙa guda, a daidaita su da kyamara mai saurin ɗauka. Akwai kuma gwajin juriya, inda inji ke buɗewa da rufewa sau dubbai, cikin zafi da sanyi da ƙura.

Batun ya shafi rai. A 2016 kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci fiye da miliyan ɗaya saboda direbobi na fita ba su saka giyar fakin ba, motar ta gangara. Gyaran da aka yi shi ne motar ta saka kanta a fakin da zarar ƙofar direba ta buɗe, kuma wannan gyara kacokan a kan na'urar ƙofa ya rataya. Haɗarin yana nan a motar lantarki ma, wadda ba ta da ƙarar inji da za ta tuna wa direba cewa a kunne take.

Maiduguri ta shiga fagen motocin lantarki. Mustapha Gajibo ya fara mayar da ƙananan bas zuwa masu lantarki a garin ta kamfaninsa Phoenix Renewables, kuma a Disamba 2023 aka ƙaddamar da tasi masu lantarki na gwamnatin Borno. Sai dai yanayin garin ba ya raga wa kayan wuta. Zafin Afrilu yana haura digiri 40, yana busar da robar da ke rufe makunni har ta tsage. Ƙurar hunturu tana shiga ta nan ta kwanta a mahaɗar wuta, ɓurɓushin ƙarfe kuma ya manne wa maganaɗisu. Ambaliyar Satumba 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nutsar da motoci masu yawa, kuma tsatsa takan ci mahaɗar waya a hankali. Ga ƙofar bas ta haya da yaron mota ke ja yana bugawa tun asuba har dare. Abin takaici, idan fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa, sau da yawa yanke wayar ake yi a huta.

Hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, tana da cibiyoyin gwajin motoci a Zariya da Legas da Enugu. Gwajin juriyar ƙofa kuwa bai fi ƙarfin sashen injiniya na Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat ba: tsohuwar ƙofa, injin turawa, akwatin ƙura da na'urar ƙirge sun isa a fara. Ya kamata duk motar da za a haɗa ko a sauya wa inji a Borno a gwada ƙofofinta da ƙurar Borno da zafinta kafin a ɗora mata fasinja.